"Popular": Farin Jini Ne, Shahara Ce, Ko Kuwa Yawan Jama'a Kawai?

Bayan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na shekarar 2016, jaridun Turanci sun yi ta nanata wani zance da ya ɗaure wa masu karatu da yawa kai. Wai Hillary Clinton ce ta ci *popular vote*, amma Donald Trump ne zai hau mulki. Wanda aka koya masa a makaranta cewa *popular* na nufin mai farin jini, dole ya tsaya ya yi tambaya. Ƙuri'a ma tana da farin jini? Ko kuwa wani zaɓe aka yi na daban don a gane wanda aka fi so? Babu ɗaya daga ciki. Kalmar ce take da ma'ana fiye da ɗaya, kuma wadda ake fara koya wa ɗalibi ba ita ce ta asali ba.

Ruɗanin bai tsaya a siyasa ba. Kalmar tana nan a shafukan sayayya na intanet, tana cikin sunayen jam'iyyu, tana cikin labarin bore, tana bakin 'yan makaranta, kuma kowane wuri da abin da take nufi. Mai fassarar da ya riƙe "farin jini" yana liƙa wa duk jimlar da ya tarar, zai dace a wasu wuraren, ya yi ɓaram-ɓarama a wasu.

Ma'anar da ake fara koyo

A Turancin yau da kullum, *popular* sifa ce da ake ba mutum ko abin da mutane da yawa ke so. *A popular teacher* shi ne malamin da ɗalibai ke murna in ya shigo aji. *A popular song* waƙa ce da ake yayi. *A popular decision* hukunci ne da ya yi wa jama'a daɗi. Turanci ya tara waɗannan duka a kalma ɗaya, Hausa kuwa rarraba su take yi. Mutum ne ke da farin jini. Kaya ana rububinsu, ko a ce sun karɓu. Waƙa da salon ado ana yayinsu, ko a ce suna tashe. Shawara kuma karɓuwa take samu. Ba wanda zai ce wa man goge baki yana da farin jini sai dai in raha yake yi, alhali a Turanci *a popular toothpaste* magana ce daidai.

Abu biyu ne a cikin wannan ma'ana: so da yawa. In ɗaya ya faɗi, kalmar ta faɗi. Dattijon da iyalinsa ke ƙauna kamar ransu, amma ba ya shiga mutane, ba za a ce masa *popular* ba, domin masoyan ba su da yawa. Wanda duk duniya ta san shi amma ana tsine masa, shi ma bai cancanta ba, domin babu so.

Sai dai son da ake magana a nan ba mai zurfi ba ne. Sau da yawa bai wuce zaɓi ba. Idan aka ce wani suna shi ne *the most popular name* a wata shekara, abin da ake nufi shi ne an fi raɗa wa jarirai shi, ba wai an bi iyaye an tambayi zuciyarsu ba. Daga nan kalmar ta fara zamewa: daga abin da ake so, zuwa abin da ake zaɓa, zuwa abin da kawai ya yi yawa. Mafi yawan kuskuren da ake yi da ita a kan wannan gangara yake faruwa.

Akwai kuma abin da kalmar ke ɓoyewa, wato su wane ne masu son. Babu wanda kowa da kowa ke so. Malami na iya zama abin so a wurin ɗalibai, abokan aikinsa kuma ba sa ko son ganinsa. Shi ya sa Turawa kan biyo kalmar da bayanin taron da ake nufi, in kuma ba a faɗa ba, to mai magana ya bar wa mai sauraro ya cike da kansa.

Daga Rum ta taso

Tushen kalmar shi ne *populus* na harshen Latin, ma'ana jama'a ko al'umma. Daga gare shi aka samo *popularis*, wato abin da ya shafi jama'a. Tushen nan ne ya haifi *people* da *population* a Turanci, da *populaire* a Faransanci, da *popolare* a Italiyanci. A asali babu maganar so ko ƙi a cikinta. Abin jama'a ne kawai, kishiyar abin sarakuna da manya.

Tun a Rum siyasa ta shafa mata launi. A ƙarshen zamanin jamhuriya, ana kiran 'yan siyasar da ke bi ta taron talakawa don cimma buƙatarsu da suna *populares*, masu dogaro da majalisar dattawa kuma *optimates*, wato mafifita. Ba jam'iyyu ba ne masu kati da ofis irin na yau, salon neman iko ne. Tiberius Gracchus, wanda ya kawo dokar raba filaye ga marasa shi a shekara ta 133 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma aka kashe shi a wannan shekarar, yana cikin na farkon da ake lissafawa a wannan layi. Julius Kaisar ma a nan ake sa shi. To amma galibin rubuce-rubucen da suka iso mana daga hannun manya suka fito, irin su Cicero, kuma su kallon mai neman suna a wurin gayya suke yi wa irin waɗannan mutane. Wannan zargi ya bi kalmar har cikin Turanci.

A ƙarni na 15 ta shiga Turanci, ta fara zama a bakin lauyoyi da masu maganar mulki. Akwai ƙarar da doka ta yarda kowane ɗan ƙasa ya shigar ko da ba shi aka cuta ba, ana ce mata *popular action*. Akwai *popular government*, mulkin da jama'a ke da hannu a ciki. An kuma yi zamanin da in aka ce wa mutum *popular*, ana nufin mai lallashin talakawa ne don su bi shi, ba yabo ba ne. Ma'anar "wanda ake so" ta fara leƙowa wajen ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 18 da na 19 ta danne sauran. Masanin adabi Raymond Williams, a nazarin da ya fitar a 1976 kan muhimman kalmomin al'ada da zamantakewa, ya nuna cewa abin da ya sauya shi ne wurin da ake tsayawa a kalli kalmar. Da daga sama ake kallo, a ga mai neman yardar jama'a. Daga baya aka koma kallo daga cikin jama'ar, a ga wanda suka yarda da shi.

Ƙarni na 19 ya ƙara mata wani reshe. Ɗab'i ya yi araha, masu iya karatu suka ƙaru a Ingila da Amurka, sai aka sami kasuwar rubutu don mutumin da ba masani ba. Nan aka sami *popular press*, jaridun gama-gari, da *popular science*, kimiyyar da aka sauƙaƙa. Mujallar Popular Science ta fara fita a Amurka a 1872, Popular Mechanics kuma a 1902. Sunayen nan ba alfahari ba ne na cewa ana son mujallun. Sanarwa ce cewa don kowa aka rubuta su.

Inda babu maganar so ko kaɗan

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma ita ce ke cikin *popular vote*. Abin da ake nufi shi ne jimillar ƙuri'un da mutane suka jefa da hannunsu. A tsarin Amurka ba wannan jimilla ce ke naɗa shugaba ba. Wakilai 538 ne daga jihohi da babban birnin ƙasar ke yin zaɓen ƙarshe, kuma wanda ya sami 270 ya ci. A duk jihohin, ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya, ko da da ƙyar ya tsallake. Saboda haka mutum na iya tara ƙuri'u masu ɗimbin yawa a jihohin da ya riga ya ci, ya faɗi da ɗan rata kaɗan a wasu, ya tashi da yawan mutane amma ba yawan wakilai. Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3 a 2016. Al Gore ya fi George W. Bush da sama da rabin miliyan a 2000. Sau biyar hakan ta faru a tarihin ƙasar: 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. A 2024 kuwa Trump ya haɗa duka biyun.

Ko wanda ya ci wannan jimilla, ba a ce yana da farin jini ba. Mutane da yawa na zaɓen ɗan takara ne don gudun ɗayan. Ƙirga kawuna aka yi, ba a auna zukata ba.

Haka *popular uprising* yake, boren da jama'a suka tayar da kansu, saɓanin juyin mulkin soja. *Popular sovereignty* aƙida ce da ke cewa ikon ƙasa daga jama'a yake fitowa. *Popular Front* shi ne sunan ƙawancen jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu da na ma'aikata da suka ci zaɓe a Faransa da Sifaniya a 1936, na Faransa ƙarƙashin Léon Blum. Amma kada a ɗauka sunan mallakar 'yan gurguzu ne, domin Partido Popular ta Sifaniya ta yau jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya ce. Kowa na son a ce shi ne na jama'a. Wanda ya san Larabci zai gane lamarin da sauri, domin *sha'abiyya* da ke cikin cikakken sunan ƙasar Aljeriya na nufin "ta jama'a", kuma da kalmar dai Larabawa ke faɗin farin jinin shugaba ko mawaƙi. Tafiya iri ɗaya harsunan biyu suka yi.

Wasu maganganun sun daskare da wannan ma'ana. *By popular demand* na nufin bisa buƙatar jama'a, kamar a sake nuna wasa saboda an yi ta roƙo. *Popular prices* farashi ne da talaka zai iya. A tsofaffin filayen ƙwallo na Ingila, ɓangaren da ake tsayuwa a biya kuɗi kaɗan ana ce masa *popular side*. Sai *popular belief*, abin da aka saba ɗauka, wanda galibi in ka ji shi to ƙaryatawa na tafe: *contrary to popular belief*, wato saɓanin abin da mutane ke zato. A nan kalmar har ta ɗan karkata zuwa raini, kamar ana cewa zancen gari ne, ba ilimi ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta bambancewa. In ma'anar "na jama'a" ce, sifar a gaban suna kawai take zama, kuma ba ta karɓar ƙari ko ragi. Ba a cewa *a very popular vote* a nufi jimillar ƙuri'u. Da an juya jimla an ce *the vote was popular*, zance ya koma cewa sakamakon ya yi wa mutane daɗi. Littafin *popular science* da ya kwana a kanti shekara goma ba wanda ya saya, sunansa bai canza ba, domin nau'insa aka faɗa. Amma ba za a ce *the book is popular* ba.

Sananne daban, abin so daban

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin *popular* da *famous*. *Famous* da *well-known* magana ce ta sani: shahararre, sananne, wanda ya yi fice. *Popular* magana ce ta so. Shahararren ɗan wasa na iya zama mai baƙin jini a wurin magoya bayan ƙungiyarsa. Mai gadin makaranta da yara ke rugawa su gaishe shi kowace safiya yana da farin jini, ko da ba a taɓa jin sunansa a wajen ƙofar makarantar ba.

Wanda aka sani da mugun abu yana da nasa kalmomin, *notorious* da *infamous*, wato wanda ya yi ƙaurin suna. *Infamous* tarko ce, domin mai koyo kan zaci kishiyar *famous* ce, wato wanda ba a sani ba, alhali an san shi sarai, da sharri ne kawai. Haka *unpopular* ba ta nufin wanda ba a sani ba. Sai an san mutum ake ƙin sa. *An unpopular minister* minista ne mai baƙin jini, kuma mai yiwuwa ba wanda ya kai shi shiga labarai.

Sai kuma *common*. Mura ba *popular* ba ce, ko da kowa na fama da ita, domin ba wanda ya zaɓe ta. *Common* ce ko *widespread*, abin da ya zama ruwan dare. Wanda ya rubuta *a popular disease* ya ce cutar da ake sha'awa. *Populous* kuma yawan mazauna take nufi. Indiya ce *the most populous country* tun 2023 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wannan bai ce komai ba a kan ko ana son ta.

A ƙasashe da dama da Turanci yake harshe na biyu, jaridu na amfani da *popular* a wurin "sananne". Za ka ga kanun labari na cewa *popular businessman arrested*, ba tare da ana nufin ana ƙaunar mutumin ba. Ra'ayi ya kasu a kan wannan. Malaman nahawu da masu gyaran rubutu na ganin kuskure ne da ya kamata a gyara, hujjarsu ita ce in aka haɗe kalmomin biyu an yi asarar wani bambanci mai amfani, kuma mai karatu daga wata ƙasa zai fahimci abin da ba a nufa ba. Masu nazarin yadda Turanci ke rikiɗa a ƙasashen duniya kuma na cewa harshe na masu magana da shi ne, in miliyoyin mutane sun fahimci juna da wata ma'ana to ta zama ma'ana, kuma ita kanta "wanda ake so" ai daga baya ta shigo. Kowane ɓangare na da abin kamawa. A aikace dai, mai rubuta jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa ko takardar da baƙo zai karanta, raba su ya fi masa aminci, domin mai dubawa da ƙamus zai auna shi.

Zamanta a jimla

Nan ba wuya sosai. Gaɓa uku ce, nauyin furuci a kan ta farko. Wajen kwatanci *more popular* da *most popular* ake cewa, ba a yi mata ɗafa-ƙeya. Masu son ana kawo su da *with* ko *among*: *popular with students*, *popular among farmers*. Dalilin son da *for* yake zuwa, wuri kuma da *in*. *Popular to* da *popular by* da ake yawan ji a wannan gurbi ba daidai ba ne.

'Ya'yanta ma sun gaji rabuwar nan. *Popularity* farin jini ne ko karɓuwa. *Popularise*, wanda Amurkawa ke rubutawa da *z*, na iya nufin sa abu ya karɓu, ko sauƙaƙa shi don kowa ya gane. *Popularly known as* na nufin "wanda aka fi sani da", *popularly elected* kuma wanda jama'a suka zaɓa kai tsaye. *Pop* na kiɗa gutsuren kalmar ne, amma tun shekarun 1950 ya zama sunan wani salo na musamman.

Yabo ne ko raini?

Ya danganta da bakin da ta fito. A wurin ɗan kasuwa da ɗan siyasa babu yabon da ya fi ta. A wurin masu sharhin adabi da fasaha kuwa, an daɗe ana amfani da ita da ɗan yatsina. *A popular novelist* na iya nufin marubucin da ake saye sosai amma ba a ɗauke shi da nauyi ba.

Muhawarar tsohuwa ce. A shekarun 1940, masanan Jamus Theodor Adorno da Max Horkheimer sun kafa hujja cewa abin da ake kira al'adar jama'a ba daga jama'a yake fitowa ba, kamfanoni ne ke ƙera shi kamar kayan masana'anta, su cusa wa mutane, sannan su ce ai abin da ake so ke nan. Masanan Birtaniya da suka taru a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham, wadda Richard Hoggart ya kafa a 1964 kuma Stuart Hall ya jagoranta daga baya, sun ga abin ta wata fuska. A ganinsu mutane ba tumaki ba ne, suna zaɓa, suna watsar da abin da bai yi musu ba, suna juya abin da aka ba su ya dace da rayuwarsu, kuma raina abin da talaka ke so sau da yawa raina talakan ne. Masu wannan ra'ayi kan tuna cewa wasannin Shakespeare da ake karantawa a jami'o'i yau, a zamaninsa 'yan kallo na tsaye masu biyan kuɗi kaɗan ne ke cika gaban dandalin.

Abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kai ba shi ne, kalmar ba ta yanke hukunci kan inganci ko gaskiya. Masana mantiƙi na da suna na Latin ga kuskuren kafa hujja da yawan mabiya, *argumentum ad populum*. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a fagen zaɓe da kasuwa, amma yawan masu cewa magani na aiki ba ya sa ya yi aiki.

A siyasa akwai 'yar'uwarta da ake yawan haɗa su, *populist*. Sunan ya samo asali ne daga jam'iyyar manoma ta People's Party da ta tsaya takarar shugabancin Amurka a 1892, kuma ya dawo da ƙarfi har ƙamus ɗin Cambridge ya zaɓi *populism* a matsayin kalmar shekarar 2017. *Populist* salo ne na raba al'umma gida biyu, talakawa na gari da manya azzalumai, tare da iƙirarin cewa mai magana shi ne bakin talakawan. *Popular* kuwa sakamako ne da ake aunawa. Ana iya samun mai wannan salo da jama'a suka juya wa baya, ana iya samun shugaba mai farin jini da bai taɓa zagin manya ba. Abin da ake aunawar ma ba ya zama wuri ɗaya. A ƙididdigar kamfanin Gallup, kashi 90 cikin 100 na Amurkawa sun yaba da aikin George W. Bush a watan Satumban 2001, amma a 2008 adadin ya sauko har kashi 25.

Abin da masu binciken yara suka gano

A makarantun sakandaren Amurka kalmar ta yi wata rikiɗa mai ban mamaki. *The popular kids* ba lallai su ne waɗanda ake so ba. Su ne waɗanda ake gani, ake kwaikwayon shigarsu, ake shakkar ɓata musu. Yarinya na iya cewa wance *popular* ce, ta kuma ƙara da cewa ba wanda ke ƙaunarta, kuma a wurinta babu tufka da warwara a zancen.

Masana halayyar ɗan Adam sun bi diddigin wannan. A 1982, John Coie da Kenneth Dodge da Heide Coppotelli sun yi amfani da wata hanya mai sauƙi: a ba kowane yaro dama ya ambaci 'yan ajin da ya fi so da waɗanda ba ya so. Daga amsoshin suka fitar da rukuni biyar: waɗanda ake so, waɗanda ake ƙi, waɗanda ba a ma tuna da su, waɗanda wasu ke so wasu ke ƙi, da 'yan tsaka-tsaki. Daga baya, a 1998, Jennifer Parkhurst da Andrea Hopmeyer suka kwatanta wannan ma'auni da tambayar kai tsaye, wato wa ake ɗauka *popular* a ajin. Sunayen da suka fito ba su zo ɗaya ba sai a wani ɓangare. Tun daga nan ake raba abin gida biyu: son da ake yi wa mutum saboda daɗin zama da shi, da matsayin da yake da shi saboda ana ganinsa kuma yana da tasiri. Na biyun sau da yawa yana tafiya da danniya, da ware wasu, da yaɗa gulma. Mitch Prinstein na Jami'ar North Carolina ya faɗaɗa wannan bambanci ga manya a littafin da ya fitar a 2017.

Ga iyaye da malamai bambancin na da amfani. Yaron da ya ce yana so ya zama *popular* mai yiwuwa abokai yake nema, mai yiwuwa kuma matsayi yake nema, kuma hanyoyin samun biyun sukan yi hannun riga.

Inda abin ke shafar mai waya a hannu

Yau wurin da aka fi cin karo da kalmar shi ne allo. *Most popular* na saman jerin labarai, yana kan kayan sayarwa, yana manne da ɗaya daga cikin tsare-tsaren biyan kuɗi da kamfani ya jera, galibi na tsakiya. Babu wata ƙa'ida guda da ta ce ga abin da za a ƙirga kafin a liƙa wannan tambari. Wani shafin yawan dannawa yake ƙirgawa, wani yawan saye, wani yawan turawa, wani na awa ɗaya, wani na shekara. Labarin da mutane dubu suka buɗe don ya ba su haushi zai hau saman jerin daidai da wanda suka buɗe don ya burge su. Na'ura ba ta san bambancin shahara da ƙaurin suna ba.

Tambarin kuma yana haifar da abin da yake iƙirari. A 2006, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na Jami'ar Columbia sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun buɗe shafi mai waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum fiye da 14,000 suka shiga. Wasu an bar su su saurara su zaɓa ba tare da sanin abin da wasu suka yi ba. Sauran an raba su rukuni takwas, kowane rukuni na ganin sau nawa 'yan rukuninsa suka sauke kowace waƙa. Inda ake ganin ƙidayar, ratar da ke tsakanin waƙoƙin sama da na ƙasa ta fi faɗi, kuma waƙar da ta yi zarra a wani rukuni na iya zama ta baya-baya a wani. Waƙoƙi mafiya kyau ba kasafai suke faɗuwa warwas ba, mafiya muni ma ba kasafai suke hawa ba, amma na tsakani duk inda iska ta kaɗa su nan suke. Wanda ya fara samun 'yan kallo shi ke ƙara samu.

Mai fassara labarai na da nasa nauyin. In ya mayar da *popular uprising* "bore mai farin jini", ya sa wa labarin ra'ayin da marubucin bai faɗa ba. In ya mayar da *popular cleric* "malami mai farin jini" alhali jaridar "sananne" take nufi, ya yi wa mutumin shaidar da ba a ba shi ba. In kuma gwamnati ta ce matakinta *unpopular but necessary* ne, ta amsa cewa jama'a ba sa so, amma ta yi amfani da tsohon zargin nan na cewa abin da taro ke so ba shi ne daidai ba, don ta mayar da ƙin ya zama shaidar jarumtarta. Ko matakin ya zama dole ko bai zama ba, wannan sai an duba shi daban.

Har a takardar shaidar aiki kalmar na da wayo. Shugaban da ya rubuta cewa ma'aikacinsa *is popular with colleagues* ya faɗi alheri: mutumin na da daɗin sha'ani, ba ya rigima. Amma in wannan ne kaɗai yabon da ke cikin takardar, babu maganar ƙwazo, babu ta riƙon amana, babu ta iya aiki, gogaggen mai ɗaukar ma'aikata zai lura da abin da aka tsallake, kuma mai yiwuwa ya ɗaga waya ya tambayi wanda ya sa hannu.